Rangwamen Haraji Ga Mai Ɗaukar Marar Muhalli Aiki: Wa Ke Cin Moriyarsa?

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2022, duk mai kamfani ko mai shago a jihar Kalifoniya ta Amurka da ya ɗauki mutumin da ba shi da wurin kwana aiki yana iya neman gwamnatin jihar ta rage masa harajin da zai biya. Rangwamen yana farawa daga dala 2,500, yana kaiwa dala 10,000 a kan ma'aikaci ɗaya a shekara. Kamfani ɗaya yana iya nema a kan mutum uku, wato dala 30,000 ke nan idan abin ya kai maƙura. Jihar ta ware dala miliyan 30 a kowace shekara, aka kuma tsara shirin ya ɗauki shekara biyar, zuwa ƙarshen 2026.

Duk wanda ya ji wannan zai ce an yi tunani mai kyau, kuma ba mamaki da shirin ya samu karɓuwa. Ɗan siyasar da ke ƙin a riƙa raba wa mutane kuɗi a zaune ya gamsu, tunda aiki ake magana. Wanda ke kukan an bar talaka a titi shi ma ya ga an motsa. 'Yan kasuwa kuwa ba a tilasta musu komai ba, tayi kawai aka yi musu. Sai dai tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: mutum nawa ne suka samu aikin da ba za su samu ba in da babu wannan rangwame, kuma mutum nawa daga cikinsu aikin ya kai su ga ɗakin da za su rufe ƙofa su kwanta? Amurka ta shafe fiye da shekara arba'in tana gwada irin wannan dabara, saboda haka akwai abin dubawa a baya.

A fara da girman matsalar. Kowace shekara, a wani dare na watan Janairu, ana fita a ƙirga masu kwana a titi da a gidajen kwana na wucin gadi a faɗin ƙasar. Ƙidayar 2024 ta samu mutum sama da 770,000, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabace ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi, kimanin mutum 187,000, a Kalifoniya suke, kuma biyu cikin ukunsu ba ma a gidan kwana suke ba: suna cikin tanti a gefen hanya, ko cikin mota, ko ƙarƙashin gada. In da a ce an cinye dala miliyan 30 ɗin nan kaf, kowane ma'aikaci kuma ya kai matakin dala 10,000, mutum 3,000 ne za su amfana a shekara. Tun daga nan mai karatu zai gane cewa ƙaramin shiri ne a gaban babbar matsala. Mai binciken kuɗin jihar ya bayyana a 2024 cewa Kalifoniya ta kashe kimanin dala biliyan 24 a kan matsalar rashin muhalli cikin shekara biyar, ba tare da bin diddigin sakamakon yadda ya kamata ba.

Tushen dabarar yana komawa 1978, lokacin da majalisar dokokin tarayya ta ƙirƙiro rangwamen haraji ga masu ɗaukar wasu rukunin mutane da ke shan wahalar samun aiki. Shirin ya yi ta tafiya har zuwa 1994, shekarar da ofishin sufeto janar na Ma'aikatar Ƙwadago ya binciki yadda ake amfani da shi, ya gano cewa kashi 92 cikin ɗari na ma'aikatan da aka karɓi rangwame a kansu, da ma kamfanonin za su ɗauke su ko da ba a ba su ko sisi ba. Ma'ana, gwamnati tana biyan kamfani lada a kan abin da ya riga ya yi niyyar yi. Aka bar shirin ya mutu a ƙarshen wannan shekarar, sannan a 1996 aka dawo da shi da sabon suna da 'yan gyare-gyare. Shi ne wanda ake kira WOTC, wanda dokar kasafi ta 2021 ta tsawaita wa wa'adi zuwa ƙarshen 2025.

Yadda aka tsara WOTC ya cancanci a duba shi da kyau, domin a cikin lissafinsa ne aibinsa yake. Ga yawancin rukunoni, idan ma'aikaci ya yi awa 400 ko fiye, kamfani yana samun rangwamen kashi 40 cikin ɗari na dala 6,000 na farko da ya biya shi, wato dala 2,400. Idan ya yi tsakanin awa 120 da 399, rangwamen kashi 25 ne. Awa 120 aikin mako uku ne kacal ga mai yin awa arba'in a mako, awa 400 kuma mako goma. Da zarar albashin da aka biya ya kai dala 6,000, kamfani ya gama cin abin da zai ci a kan wannan mutum. Riƙe shi ba ya ƙara masa komai, amma sabon ma'aikaci daga rukunin yana buɗe sabon rangwame. To, wane irin kamfani ne wannan tsari ya fi yi wa daɗi? Wanda ma'aikata ke shiga da fita a cikinsa kullum: manyan kantuna, gidajen abincin gaggawa, rumbunan ajiyar kaya, da kamfanonin da ke ba da hayar ma'aikata na ɗan lokaci. Binciken da kafar ProPublica ta wallafa a 2022, bayan ta duba bayanan wasu jihohi, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ayyukan da aka amince a ba su wannan rangwame na kamfanonin hayar ma'aikata ne, waɗanda sana'arsu ita ce aikin da ba ya ɗorewa.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: rashin muhalli ba ya cikin jerin rukunonin WOTC. Akwai tsofaffin sojoji, da waɗanda suka fito daga gidan yari, da masu karɓar tallafin abinci, da masu karɓar tallafin nakasa, da waɗanda suka yi mako 27 ko fiye ba aiki. Mai kwana a titi yana shiga ne idan ya dace da ɗaya daga cikin waɗannan. Giɓin da dokar Kalifoniya ta so cikewa ke nan.

A gaskiya, waɗanda suka rubuta dokar jihar sun koyi wani abu daga kurakuran tarayya. Ba a ba da ko dala ɗaya sai ma'aikaci ya yi awa 500 a shekarar. Daga nan rangwamen yana hawa mataki-mataki: dala 2,500, sai 5,000 daga awa 1,000, sai 7,500 daga awa 1,500, sai 10,000 ga wanda ya cika awa 2,000. Kamfanin da ya riƙe mutum shi ke samun kaso mai tsoka. An kuma gindaya sharaɗin cewa albashi ya kai aƙalla kashi 120 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashin jihar. A 2024 mafi ƙarancin dala 16 ne a awa, don haka sai an biya dala 19.20. Iyakance abin ga mutum uku kuwa ya hana manyan kamfanoni su wawashe kuɗin. Wannan duk ci gaba ne, kuma ya kamata a yaba.

Amma a duba shi ta idon mai ɗan gidan abinci ko mai garejin gyaran mota. Sai ya samo takardar shaida daga wata ƙungiya da aka amince da ita cewa mutumin nan ba shi da muhalli a ranar da aka ɗauke shi, ko a cikin kwana 180 kafin nan, ko yana karɓar taimako daga masu kula da marasa muhalli. Sai ya nemi hukumar haraji ta jiha ta keɓe masa rangwamen a cikin ɗan taƙaitaccen wa'adi bayan ɗaukar. Albashi kuwa duk mako biyu zai riƙa biya daga aljihunsa, rangwamen ba zai gan shi ba sai lokacin cike takardun haraji, bayan shekara ta ƙare. Kuma ragi ne daga harajin da ake bin sa. Idan ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, harajin da ake bin sa bai kai yawan rangwamen ba, ba za a ƙirga masa ragowar a hannu ba. Idan ma'aikacin ya tsaya a awa 480 saboda rashin lafiya ko saboda an tashe shi daga inda yake kwana, mai shagon ya tashi a tutar babu. Haɗarin yana watannin farko, ladan yana can ƙarshe. Babban kamfani yana da sashen akanta da lauyoyi da za su bi wannan hanya, amma dala 30,000 ba ta isa ta sauya masa tsarin ɗaukar ma'aikata ba. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ne kuɗin zai yi wa amfani, shi ne kuma hanyar ta fi yi wa tsawo.

Abin da ya fi damuna a wannan batu bai shafi lissafi ba, ya shafi mutunci. Kafin kamfani ya ci rangwame, dole ya san cewa mai neman aikin nan ba shi da gida. Wannan kuwa shi ne sirrin da mai neman aikin ya fi ƙoƙarin rufewa. Ya tashi da asuba ya yi wanka a banɗakin tashar mai, ya aro adireshin wani ɗan'uwa ya rubuta a takarda, ya ɓoye jakarsa a wani wuri kafin ya shiga ganawa, duk don a dube shi kamar kowa. Yanzu an ce ya buɗe baki ya faɗa.

An taɓa gwada sakamakon irin wannan bayyanawa. A farkon shekarun 1980, a birnin Dayton na jihar Ohio, an raba masu karɓar tallafin gwamnati da ke neman aiki gida uku ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko an ba su takardar da za su nuna wa mai ɗaukar aiki cewa zai samu rangwamen haraji in ya ɗauke su. Na biyu an ba su takardar da ke alƙawarin kuɗi kai tsaye. Na uku ba a ba su komai ba. Masanin tattalin arziki Gary Burtless ya wallafa sakamakon a 1985: a cikin waɗanda ba su da takarda, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ya samu aiki, a cikin masu takarda, kimanin ɗaya cikin takwas. Takardar da aka ba su don ta buɗe musu ƙofa ita ta rufe ta. Mai ɗaukar aiki ya ga takardar, sai ya ce a ransa: in da mutumin nan ba shi da matsala, me zai sa gwamnati ta biya ni don in ɗauke shi?

Daga wannan gwaji da binciken 1994 ake ganin tsaka mai wuyar da irin wannan shiri ke ciki. Idan mai yanke shawarar ɗauka ya san matsayin mutum, ana iya ƙyamarsa. Idan bai sani ba, kamar yadda ake yi a manyan kamfanoni inda wani ofishi dabam ko kamfanin 'yan kwangila ke tace takardun sababbin ma'aikata don gano wanda za a ci rangwame a kansa, to rangwamen bai sa an ɗauki kowa ba. Kuɗi ya fita daga baitulmali, adadin masu aiki bai ƙaru ba.

Sai kuma abin da ke gaban ranar farko ta aiki, wanda rangwame ba ya taɓawa ko kaɗan. Dokar tarayya ta wajabta wa sabon ma'aikaci ya gabatar da takardun shaidar ko shi wane ne da na izinin aiki cikin kwana uku na aiki. Mai kwana a tanti sau da yawa ba shi da su: an sace, ko ruwan sama ya lalata, ko ma'aikatan birni sun kwashe su tare da tantin sun zuba a motar shara. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar birnin Grants Pass, ta yanke da rinjayen alƙalai shida a kan uku cewa birane suna iya hukunta masu kwana a fili. Wata guda bayan haka Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya umarci hukumomin jihar su tashi sansanonin tantuna. Jiha ɗaya ke nan tana ba da lada a ɗauki mutum aiki, tana kuma ɗaukar matakin da ke raba shi da katin shaidarsa da wayarsa da maganinsa. Sabon katin shaida yana buƙatar takardar haihuwa, takardar haihuwa tana buƙatar kuɗi da adireshin da za a aiko ta. Bayan wannan akwai cajin waya, da kuɗin mota, da inda za a ajiye kaya yayin da ake wurin aiki. Gidajen kwana da yawa suna da lokacin rufe ƙofa da yamma, alhali aikin da aka fi samu, kamar shara da gadi da lodin kaya, na dare ne. Mutum ya zaɓi gado ko aiki.

Babban binciken da Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco ta fitar a 2023 ƙarƙashin jagorancin Dakta Margot Kushel, wanda ya tattauna da kusan mutum 3,200 marasa muhalli a jihar, ya nuna su wane ne ake magana a kansu. Matsakaicin shekarunsu 47. Tara cikin goma a Kalifoniya suka rasa gidajensu, ba baƙi ba ne da suka zo daga wata jiha. Kashi 70 cikin ɗari sun yi aƙalla shekara biyu rabonsu da aikin awa ashirin a mako, amma duk da haka kashi 44 suna neman aiki. Niyya tana nan. Jiki da yanayi ne ke gardama: ciwon da aka daɗe ba a kula da shi ba, damuwar ƙwaƙwalwa, shaye-shaye ga wasu, da rashin barci ga kusan kowa. Mutumin da ya yi shekara biyu a haka, a ce ya cika awa 2,000 a shekarar farko, wato mako hamsin cur ba fashi, an ɗora masa abin da ko mai gida da mota yakan ji a jikinsa.

Wani zato kuma da ke ƙarƙashin shirin shi ne cewa rashin aiki ne ya kai mutane titi, don haka aiki zai dawo da su gida. Rabin gaskiya ne. Masu bincike a Jami'ar Chicago, ciki har da Bruce Meyer, sun haɗa bayanan ƙidayar 2010 da na haraji, suka gano cewa fiye da rabin manya 'yan ƙasa da shekara 65 da ke gidajen kwana sun yi aikin albashi a wannan shekarar, haka ma kusan kashi 40 na masu kwana a fili. Suna aiki, albashin ne bai kai kuɗin haya ba. Mai karɓar dala 19.20 a awa, idan ya yi cikakken aiki, yana samun kimanin dala 3,200 a wata kafin a cire haraji. Ƙididdigar ƙungiyar da ke fafutukar gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi ta 2024 ta ce sai mutum yana samun sama da dala 47 a awa kafin ya iya kama matsakaicin gida mai ɗaki biyu a Kalifoniya ba tare da haya ta cinye fiye da kashi 30 na samunsa ba. Ofishin binciken gwamnatin tarayya ya gano a 2020 cewa ƙarin dala 100 a matsakaicin kuɗin haya yana tafiya da ƙarin kashi 9 cikin ɗari a yawan marasa muhalli. Shi ya sa jihar West Virginia, duk da talaucinta da annobar ƙwayoyin da ta yi mata katutu, ba ta da masu kwana a titi kamar Kalifoniya mai arziki: can ɗaki yana da araha.

Kada kuma a ɗauka gida kaɗai ya wadatar. A Kanada, tsakanin 2009 da 2013, an gwada ba wa marasa muhalli masu taɓin hankali gida kai tsaye ba tare da sharaɗi ba, a birane biyar, da mutum kimanin 2,000. Sun zauna a gidajen fiye da waɗanda aka bari a tsohon tsari nesa ba kusa ba, amma samun aikinsu bai wani sauya ba. Aiki yana buƙatar nasa hidimar.

Wace hidima ce? A Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, idan saurayi ya zo neman tsaron shago, maigida ba ya fara tambayar nawa za a rage masa. Tambayarsa ita ce, "Wa ya tsaya maka?" Yana son ya san wanda zai kira idan yaro bai zo ba, wanda zai shiga tsakani idan an samu saɓani. Tsoron mai shago a Los Angeles bai bambanta da wannan ba, kuma shirye-shiryen da suka yi tasiri su ne waɗanda suka samar da mai tsayawa. Ƙungiyar Chrysalis, wadda aka kafa a Los Angeles a 1984, tana ba mai neman aiki adireshin karɓar wasiƙa da waya da tufafin ganawa da kuɗin mota, tana fara ɗaukarsa aikin wucin gadi kamar sharar tituna don ya samu tarihin aiki na kwanan nan, sannan ta miƙa shi ga kamfani. A New York, shirin Doe Fund da ya fara a 1990 yana haɗa wurin kwana da abinci da aikin albashi wuri ɗaya. Gidan burodin Greyston a Yonkers ya bi wata hanya da ta kauce wa matsalar Dayton gaba ɗaya: mutum ya rubuta sunansa a jeri, idan gurbi ya samu a kira na gaba, babu ganawa, babu tono tarihin kowa. Ga masu fama da taɓin hankali kuwa, tsarin da Deborah Becker da Robert Drake suka ɓullo da shi a New Hampshire, inda ƙwararre ɗaya ke nemo wa mutum aikin da yake so cikin hanzari ya kuma ci gaba da bibiyarsa bayan ya fara, an gwada shi sau da yawa a ƙasashe dabam-dabam, kuma masu samun aiki ta hanyarsa sukan ninka na tsohon tsari. Gwamnatin tarayya ma tana da wani tsohon shiri tun 1966 da ke ba kamfani inshorar dala 5,000 kyauta na wata shida, ko da ma'aikacin zai yi sata ko ha'inci. Wannan tsayawa ce ta kuɗi, kuma ta fi kusa da abin da ke ran mai shago.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen tsofaffin sojoji. Adadin marasa muhalli a cikinsu ya sauko daga kimanin 74,000 a 2010 zuwa kimanin 33,000 a 2024, alhali adadin sauran jama'a ya ƙaru a tsakanin waɗannan shekaru. Rangwamen WOTC a kansu ya fi na kowa tsoka, yana kaiwa dala 9,600 ga wasu masu nakasa, amma abin da masana suka fi danganta saukar da shi shi ne takardar biyan haya da aka haɗa da jami'in da ke bibiyar kowane mutum, da asibitin da ke karɓarsa.

Ra'ayina shi ne kada a jefar da rangwamen Kalifoniya, amma a daina ɗaukarsa a matsayin abin da zai yi aiki shi kaɗai. Amfaninsa na gaskiya yana hannun jami'in ƙungiya irin Chrysalis, wanda ya riga ya san mai neman aikin, ya san mai shagon, ya ce masa: ga mutum, na san shi, ga lambata, kuma ga ɗan abin da jiha za ta rage maka, ni zan cike takardun. A nan rangwamen yana ƙarasa shawarar da amana ta fara. Da za a biya shi duk wata uku, a kuma ba da shi a hannu ga wanda harajinsa bai kai ba, da ƙananan 'yan kasuwa sun fi shiga. Da za a karkatar da wani kaso na kuɗin ga katin shaida da kuɗin mota da tallafin haya na watannin farko, da ma'aikata da yawa sun haye awa 500 ɗin. A binciken Kushel, bakwai cikin goma sun ce tallafin haya na dala 300 zuwa 500 a wata da ya hana su rasa gida tun farko. Dala 10,000 da ake ba kamfani a kan mutum ɗaya ta isa ta biya dala 400 a wata har fiye da shekara biyu.

Wa'adin dokar yana cika a ƙarshen 2026. Jihar tana da bayanan albashi na kowane ma'aikaci da aka karɓi rangwame a kansa, ƙungiyoyin da ke ba da takardar shaida kuma suna da rajistar inda kowa ke kwana. Kafin 'yan majalisar jihar su sabunta shirin ko su bar shi, ya kamata su sa a haɗa waɗannan bayanai biyu, a fito da adadin waɗanda har yanzu suke bakin aiki bayan wata goma sha biyu, da adadin waɗanda suka kama haya da sunansu.